Linux Mint a kan laftof ta 2016: a riƙe tsohuwa ko a sayi sabuwa?

Laftof ɗina ƙirar 2016 ce, tana da masarrafar Intel Core i5-6200U da ram gigabait 8, kuma ba ta cikin kwamfutocin da Windows 11 ke karɓa. Babu abin da ya lalace a jikinta. Fuskarta ba ko tabo, maɓallan rubutu duk suna amsawa, in ban da harafin A da ya goge har ba a ganinsa. Cikas ɗinta guda ne: masarrafar 'yar zubi na shida ce, kamfanin Microsoft kuwa ya ja iyaka daga zubi na takwas zuwa sama, sai wasu 'yan tsiraru na zubi na bakwai da aka ɗaga wa ƙafa. Maimakon in jingine ta, sai na saka mata Linux Mint, wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, kuma na jima ina aiki a kai har na san inda take da daɗi da inda take da ciwon kai. Sana'ata rubutu ce da gyaran rubutun mutane: rahotanni, kundin kammala karatu, wasiƙu, jefi-jefi da jadawalin lissafi. A riƙe wannan a rai, don hukuncin da zan yanke na mai irin aikina ne.

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, shekara goma da 'yan watanni bayan fitowarta a Yulin 2015. Mutane da dama sun ɗauka daga ranar kwamfuta za ta ƙi tashi. Tana tashi lafiya, fayiloli na nan yadda aka bar su. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da ake turowa a Talata ta biyu ta kowane wata. Duk kafar da masu kutse suka gano bayan wannan rana, a buɗe za ta zauna. Wanda yake ganin abin wasa ne, ya tuna watan Mayun 2017, lokacin da wata manhajar kutse mai suna WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa ɗage ganin marasa lafiya. Tun watan Maris na shekarar an fitar da facin toshe wannan kafa. Waɗanda abin ya rutsa da su su ne waɗanda facin bai hau na'urorinsu ba. Ni da nake shiga asusun banki da imel a kan wannan kwamfutar, ga kuma rubuce-rubucen mutane da suka ba ni amana, ban ga abin da zai sa in yi wannan kasada ba.

Akwai ɗan sassauci. Microsoft ya buɗe wani shiri mai suna ESU da ke ci gaba da turo facin tsaro ga masu Windows 10 na gida har 13 ga Oktoban 2026. Sai Windows ɗinka ta kasance zubin 22H2, kuma kana da asusun Microsoft. Daga nan ko ka yarda a ajiye saitunan kwamfutarka a asusun, ko ka ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ka biya. Ga mai tara kuɗin sabuwar na'ura, wannan dama ce mai kyau, ya karɓa. Amma shekara ɗaya ce tak, bayanta tambayar na nan tana jiransa.

Kafin kowa ya bi sahuna, ya fara tabbatarwa cewa da gaske kwamfutarsa ba ta cancanci Windows 11 ba, domin idan ta cancanta, hawa kyauta ne ga mai Windows 10 ta halal, kuma ya huta da duk wannan dogon zance. Sharuɗɗan ba su da yawa: ram gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, masarrafar Intel daga zubi na takwas ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, da Secure Boot, da TPM 2.0. Wannan na ƙarshe wani ɗan sashe ne da ke ɓoye makullan sirri na kwamfuta, kuma shi ya fi rikita mutane. A kwamfutoci da yawa yana nan, a kashe kawai yake a cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, inda ake kiransa PTT a na'urorin Intel, ko fTPM a na AMD. Na ga laftof ta 2019 da mai ita ya fidda rai da ita, alhali kunna wannan abu ɗaya ne ya rage. Manhajar PC Health Check ta Microsoft za ta faɗa maka takamaiman sharaɗin da ka faɗi. Tawa ta ce masarrafa, ita kuwa a laftof manne take da allon uwa, ba a sauya ta.

Na san da hanyar bayan gida. Manhajar Rufus tana iya haɗa filash ɗin Windows 11 da zai tsallake binciken TPM da na masarrafa, kuma ina da abokan aiki da suka bi ta nan, kwamfutocinsu na tafiya. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa na'urar da aka yi wa haka ba ta da tabbacin ci gaba da samun sabuntawa. Ga shi kuma zubin 24H2 na Windows 11 ya zo da buƙatar wasu umarnin masarrafa da tsofaffin na'urori sosai ba su da su, waɗannan ko Rufus ba ta cece su ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni dalilin barina Windows 10 shi ne neman tabbacin facin tsaro, don haka ban ga hikimar komawa inda aka ce mini ba tabbas ba.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi damuna da laftof ɗin tun kafin maganar Oktoba shi ne nawarta. In na danna maɓallin kunnawa, sai in tashi in yi wani abu in dawo tana nan tana lodi. Buɗe Word ma sai an yi jira. Ƙanwata kullum cewa take, "Yaya, ki sayi sabuwa ki huta mana." Ni ma na kusa yarda cewa tsufa ne, har sai da wani mai gyara ya buɗe Task Manager ya nuna mini layin faifan ajiya yana tsaye cak a kashi 100, masarrafa kuwa ko kashi 20 ba ta kai ba. Ya ce, "Malama, wannan ba tsufa ba ne, faifan ne ke jan ƙafa. Ki sa SSD ki gani."

Gaskiyarsa. Faifan da ta zo da shi irin mai juyawa ne, zagaye 5,400 a minti, da wata 'yar allura da ke yawo tana neman inda bayani yake. In ya yi ƙoƙari ya karanto megabait 100 a daƙiƙa, wannan ma sai fayil ɗin babba ne a jere. SSD kuwa wani irin faifan ajiya ne daban. Na yau da kullum mai mahaɗin SATA yana haura megabait 500, kuma babu abin da ke motsi a cikinsa. Bambancin da mutum ke ji a hannu ma ya fi abin da lambobin nan ke nunawa, domin tashin kwamfuta da buɗe manhaja karanta dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse, aikin da faifai mai juyawa ya fi tsana. Noti kaɗan aka kwance, aka zare tsohon, aka sa sabon, aka hure ƙurar da ta toshe fanka, aka sabunta man da ke tsakanin masarrafa da ƙarfen sanyaya ta. Kuɗin duka ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin sabuwar laftof.

Na tsaya a kan wannan ne saboda ana yawan jingina wa Linux yabon da ba nata ba. Mutum ya sa SSD ya sa Linux rana ɗaya, sai ya fito yana cewa Linux ta tayar masa da matacciya. Ni na ɗan yi aiki da Windows 10 a kan SSD ɗin kafin in sauya, kuma ita ma ta yi sauri ƙwarai. Kaso mafi girma na saurin daga faifan ya zo. Wanda ya bar faifai mai juyawa ya ɗora Mint zai ga ɗan sauƙi, amma ba abin ba da labari ba.

Linux Mint kyauta ce, babu lasisi babu makullin kunnawa. Wani Bafaranshe mai suna Clément Lefèbvre ne ya fara ta a 2006, an gina ta a kan wata Linux ɗin mai suna Ubuntu, kuma jerin zubi na 22, wanda ya fara fitowa a Yulin 2024, yana da alkawarin facin tsaro har 2029. Wannan lambar ita ta ja ni fiye da komai. Tana zuwa da fuska iri uku, Cinnamon da MATE da Xfce. Na ɗauki Cinnamon don ita ta fi kama da abin da hannuna ya saba: maɓallin jerin manhajoji a ƙasa ta hagu, agogo ta dama, foldoji a inda ake sa ran ganinsu. Masu ita sun ce ram gigabait 2 ya isa, 4 ya fi daɗi, wurin ajiya kuwa gigabait 20 ne mafi ƙaranci. Mai gigabait 4 ni dai Xfce zan ce ya ɗauka, ta fi sauƙin nauyi.

Abin da ya fi burge ni tun kafin girkawa shi ne ana iya ɗanɗana ta ba tare da an taɓa komai ba. Za ka sauke fayil ɗin, kusan gigabait 3, ka rubuta shi a kan filash da Rufus ko balenaEtcher, ka sake kunna kwamfuta kana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, F12 ne a wasu, F9 ko Esc a wasu. Mint za ta tashi daga kan filash ɗin gaba ɗayanta, Windows ɗinka na kwance a faifai ba abin da ya same ta. Kada a yi gaggawa a wannan mataki. A haɗa waifai, a kunna bidiyo a ji sauti, a buɗe kyamara, a gwada bulutut, a rufe murfi a buɗe a ga ko za ta farka, a jona firinta a buga shafi ɗaya. Duk abin da ya ƙi aiki a nan, da wuya ya gyaru da kansa bayan an girka. A tawa komai ya amsa nan take, har maɓallan ƙara haske da rage sauti.

Girkawar kanta tambayoyi ne kaɗan: harshe, tsarin maɓallan rubutu, yankin agogo, suna da kalmar sirri. Akwai wani ɗan akwati na kayan kunna bidiyo da sauti, a danna shi. Wuri ɗaya ne ke da haɗari, inda take tambaya ko ta zauna kusa da Windows ko ta share faifan duka. In ka zaɓi sharewa, sharewa take yi da gaske, hotuna da takardu da komai. A kwashe kaya zuwa wani faifan waje tukuna, a kuma buɗe kwafin a tabbatar yana buɗuwa. Masu BitLocker a kunne, wato makullin da Windows ke rufe faifai da shi, su nemo makullin ceto daga asusunsu na Microsoft kafin su taɓa BIOS. Ni tsohon faifan nan mai juyawa na saya wa ɗan gida mai wayar USB, ya koma ma'ajiyar kwafi, aikin da nawarsa ba ta hana shi yi.

A aikin yau da kullum, abin da na fara lura da shi shiru ne. Fanka ba ta yawan tashi. In ban buɗe komai ba, ram ɗin da tsarin ke ci yana wajen gigabait ɗaya, ƙasa sosai da abin da na saba gani a da. Firefox na ciki tun farko, Chrome ma akwai shi na Linux ga mai so. Zoom da Telegram da VLC duk suna da nasu, WhatsApp kuwa ta burauza nake buɗe shi. Sabuntawa tana zuwa ta wata 'yar garkuwa kusa da agogo, ita ke kula da tsarin da manhajojin duka a wuri ɗaya, kuma ba ta taɓa kashe mini kwamfuta ina tsakiyar aiki ba. Sai na ga dama nake dannawa. Akwai kuma Timeshift, mai ɗaukar hoton tsarin lokaci-lokaci don in wata sabuntawa ta ɓata wani abu a koma baya. A sani dai tsarin take adanawa, ba takardunka ba. Ga masu rubuta Hausa, akwai tsarin maɓallan Hausa a cikin saituna, haruffan nan masu lanƙwasa suna fita ba tare da an nemo wata manhaja ba.

Batun baƙin allon rubuta umarni da ake tsorata mutane da shi, na buɗe shi, amma ba kullum ba, kuma galibi kwafo layi ɗaya nake yi in manna. Shigar da manhaja ta Software Manager ake yi, a nemo a danna.

Sai LibreOffice, inda rabin ranata ke ƙarewa, kuma inda zan fi tsananta bincike. Tana zuwa tare da Mint: Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel, Impress a madadin PowerPoint. Tana buɗe fayil ɗin docx tana kuma adanawa a docx. Alamomin gyara da sharhin gefe, waɗanda su ne kayan aikina, suna tafiya tsakanina da masu Word lafiya. In na goge jimla na maye ta da wata, marubucin yana ganin jan layin a nasa ɓangaren ya karɓa ko ya ƙi. Fitar da PDF danna ɗaya ne. Zotero, mai tsara manazarta, tana da ta Linux kuma tana haɗuwa da Writer.

Inda ake samun tangarɗa shi ne tsarin shafi. Wasiƙa ko rahoto mai shafi goma ba ya motsi. Amma kundi mai shafi ɗari da wani abu, cike da jadawali da hotuna da lambobin shafi iri biyu, yana iya ɗan gocewa: hoto ya sauka shafi na gaba, kan babi ya zauna shi kaɗai a ƙasan takarda. Yawancin wannan daga salon haruffa yake. Calibri da Cambria mallakar Microsoft ne, ba sa zuwa da Linux, in babu su sai Writer ta ɗauko wani salon mai faɗi daban, layuka su sauya. Maganin shi ne Carlito da Caladea, waɗanda aka ƙera da awo ɗaya da waɗancan biyun, a tabbatar suna kan na'urar. Times New Roman da Arial kuwa ana samunsu ta wani ƙunshi mai suna ttf-mscorefonts-installer. Bayan na yi wannan, gocewar ta ragu ainun, amma ba ta ƙare ba. Shi ya sa duk aikin da mai shi zai kai wurin da ake auna gefen takarda da rula, sai na buɗe shi a Word na intanet, wanda kyauta ne ga mai asusun Microsoft, na duba shi shafi-shafi kafin in miƙa. Ƙarin aiki ne, kuma sai da intanet. Na karɓe shi a haka. Wanda aikinsa tsara littafi ne ko kundi daga safe har dare, wannan kaɗai zai iya gundurarsa.

Calc ta ishe ni, amma lissafina bai wuce tarawa da kaso da tace bayanai ba. Mai fayilolin Excel cike da makiro na VBA kada ya dogara da ita, wasu za su yi aiki wasu ba za su yi ba.

Firintata tsohuwa ce mai wayar USB. Bugawa ta yi nan da nan, amma ɓangaren sikana sai da na nemo direba daga shafin masu ƙera ta, na kuma bi wasu matakai da ba kowa zai yi haƙurin bi ba. Sababbin firintoci masu waifai galibi Mint tana ganinsu da kanta. Batir kuma ban ga wani ƙarin daɗewa ba. Kusan yadda yake a da haka yake, don batirin da ya gaji ya gaji, babu babbar manhajar da za ta mayar da shi yaro.

Na gwada ChromeOS Flex ta Google ma daga kan filash, wadda ta fito a 2022 don irin waɗannan tsofaffin na'urori. Tana tashi da sauri, ba ta da wuyar sha'ani, kuma ga wanda duk harkarsa a burauza take ko yaro mai karatu, ta yi. Sai dai ba ta ɗaukar manhajojin Android kamar Chromebook na ainihi, kuma ni ina yawan aiki inda babu intanet, don haka ban tsaya a kanta ba.

Ba kowa zan ce ya bi wannan hanyar ba, kuma a gidanmu ma an samu wanda ba ta yi masa ba. Ƙanena mai zanen katuna da alluna ne. Da na fara yi masa tallar Mint sai ya ce, "Yaya, ni fa da CorelDRAW nake neman na kaina, tana ciki?" Ba ta ciki. Photoshop ma babu, AutoCAD babu, EndNote babu. Akwai Inkscape da GIMP, kuma manhajoji ne na ƙwarai, amma wanda ya shekara da shekaru hannunsa na kan CorelDRAW, abokan cinikinsa kuma fayilolinta suke turo masa, ba za a ce ya koma ɗan koyo don a ceci laftof ba. Akwai Wine da ke ƙoƙarin tafiyar da manhajojin Windows a Linux, sai dai sa'a ce, wata ta yi wata ta ƙi, ba abin ɗora sana'a a kai ba ne. Haka wanda ma'aikatarsa ko makarantarsa ta ɗora masa wata manhaja ta Windows zalla, irin ta sa ido a jarrabawa ko ta shiga rumbun ofis. Abu mafi amfani da mutum zai yi kafin ya yanke shawara shi ne ya ɗauki takarda ya rubuta manhajojin da ya buɗe a makon da ya wuce, ba waɗanda ke kan kwamfutar kawai ba. In guda ɗaya daga ciki ba ta da madadi kuma da ita yake samun kuɗi, magana ta ƙare, Windows 11 zai nema.

Jikin na'urar ma yana da tasa maganar. A Windows, in ka rubuta powercfg /batteryreport a allon umarni, za ta fito da rahoton da ke nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage masa yanzu. Batir ana sauyawa, amma in ya kumbura har yana ɗaga wurin taɓawa na linzami, a daina caja shi a cire shi, wuta yake iya kamawa. In ram gigabait 4 ne kuma manne yake ba ramin ƙari, in gaɓar murfi ta karye tana tsaga roba, in ramin caja sai an riƙe waya a wani kusurwa, in fuskar ta fara layi-layi, to a haɗa kuɗin gyaran duka wuri ɗaya a dube shi da kyau. Gyara ɗaya ko biyu ya halatta. Huɗu kuwa sayen sabuwa ne a rarrabe, ba tare da an samu sabuwar ba. Na'urorin da masarrafarsu 32-bit ce kaɗai ma Mint ta yanzu ba ta hawa kansu.

Ta ƙanena ta haɗa uku daga cikin waɗannan, ga kuma CorelDRAW, don haka muka tafi neman wata. Tawa ba ta da ko ɗaya, kuma na ji daɗin hakan ta wani ɓangaren ma: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce sharar kayan lantarki ta kai tan miliyan 62 a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an sake sarrafawa yadda ya kamata. Ba wannan ne ya yanke mini hukunci ba, aljihu ne, amma ban so in ƙara na'ura mai lafiya a kan tulin ba.

Wajen sayen, tarko biyu muka tarar. Na farko sunan masarrafa. Mai sayarwa zai ce "Core i7 ce" da ƙarfin murya, kamar wannan ya gama magana. Lambar da ke bayan sunan ita ce abin dubawa. Core i7-7500U 'yar zubi na bakwai ce, Windows 11 ba ta karɓarta a hukumance, alhali Core i5-8250U 'yar zubi na takwas ce, ana karɓarta, kuma ƙwaƙwalwa huɗu gare ta inda waccan ke da biyu. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin. Daga na goma zuwa sama lambobi biyu ne, kamar 1135G7 da ke nufin zubi na sha ɗaya. Kasuwar na hannu ta cika da 'yan zubi na shida da na bakwai da aka tura musu Windows 11 ta bayan gida, suna tashi da tambarinta tsaf. Ganin Windows 11 a fuska ba hujja ba ce, a shiga saituna a karanta lambar masarrafa da ido.

Tarko na biyu sabuwa ce fil a kwali mai sauƙin kuɗi: masarrafar Celeron, ram gigabait 4 a manne, da ma'ajiyar eMMC gigabait 64. Ta cika sharuɗɗan Windows 11 daidai wa daida, amma tsohuwata mai SSD ta fi ta sauri a kusan komai, kuma ita ba a ƙara mata ram ba a sauya mata ma'ajiya. Windows kaɗai da sabuntawarta za su cinye kaso mai yawa na gigabait 64 ɗin. Mun wuce ta. Ya ƙare da wata ta hannu, irin waɗanda ofisoshi ke saki, 'yar zubi na sha ɗaya mai SSD da ram gigabait 8, kuma kafin ya biya sai da ya sa aka kwance murfin ƙasa ya ga ramin ram na biyu da idonsa, don niyyarsa ya kai shi 16 in kuɗi sun shigo.